Ba a Jak Muryar Jita Take Ɓacewa Ba

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu kaɗa jitar lantarki a duniya, yanzu kuma wayar hannu ta kawo mana ita har gida. A kan ɗan ramin ƙarfen nan ake yin ta, wanda ke jikin jita, inda ake soka wayar da ke tafiya zuwa amfilifaya. Masu gyara suna kiransa jak. Wasu sun rantse cewa in ka cire wanda jitar ta zo da shi ka sa mai tsada, musamman mai ruwan zinariya, amo zai buɗe, ya ƙara zaƙi. Wasu kuma sun ce asarar kuɗi ce kawai. Ina tare da na biyun, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ya fi shafar mu a ƙasar Daura.

Na san wani zai ce ina ruwan Daura da jita. Yana da hujja. Ranar hawan Sallar Gani, tambari da kakaki da algaita ne ke cika ƙofar fada, babu wanda yake neman wuta a cikinsu. Alhaji Mamman Shata, wanda aka kawo garin nan aka binne shi a 1999 saboda kusancinsa da Sarki Muhammadu Bashar, da kalangu da murya ya ci zamaninsa. Amma fa daga Daura zuwa Kwangwalam tafiyar 'yan mintoci ce, daga can hanya ta miƙe zuwa Matamaye da Damagaram, ta wuce Agadas, garin da jitar lantarki ta zama kiɗan biki. Mdou Moctar, wanda yau yake cika dandali a Amurka da Turai, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Bombino na Agadas ya kai ga shiga takarar Grammy. Kafin su, Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da jita a Kaduna. Samarinmu suna jin waɗannan, wasu sun fara tara kuɗin jitar gwanjo. In ma an ajiye jita gefe, fiyanon da ake kaɗawa a kowane biki, da mikisar mai hayar lasifika, da gurmin da aka liƙa wa waya, duk ta irin wannan rami sautinsu yake bi.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye wajen 8,000 a irin ta Stratocaster da kamfanin Fender ya fito da ita a 1954. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza, sai ta haifar da 'yar wuta a cikin nannaɗin, wadda yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba. Wannan 'yar wutar ce kiɗan. Aikin jak shi ne ya miƙa ta ga waya, shi ke nan. Ƙarafa biyu ne a cikinsa: wani lanƙwasasshe mai tauri da ke danne tsinin kan waya, da zoben da ke riƙe jikinsa. Ba ma don kiɗa aka ƙirƙiro shi ba. Tun wajen 1878 ma'aikatan ofishin tarho suke amfani da irinsa wajen haɗa kira, kuma kaurinsa bai canza ba, kwata na inci, wato milimita 6.35.

Masu ilmin lantarki suna auna turjiyar da abu yake yi wa wuta da ma'aunin om. Nannaɗin maganaɗisun jita yana da kimanin om 6,000. Maɓallin ƙara sauti yana da 250,000, a wasu jitocin 500,000. Mashigar amfilifayar jita tana da miliyan ɗaya. Lafiyayyen jak kuwa, mai araha ko mai tsada, bai kai om ɗaya ba. A hanyar da ake lissafi da dubbai da miliyan, bambancin rabin om da kwatan om ba abin da kunnen ɗan Adam zai kama ba ne, ko da kunnen gwanin makaɗan fada ne. Jak kamar ƙofar zaure yake: ba ta sauya muryar mai sallama, iyakarta ta cije ta hana shi shiga.

Abin da ke sauya amo da gaske, kuma ba a cika kula da shi ba, ita ce wayar kanta. Kowace waya mai rufi tana da halin riƙe wani ɓangare na wutar da ke ratsa ta, kuma kaifin sauti take fara tauyewa. Ana auna wannan da fikofarad. Wayar jita ta yau da kullum tana da wajen 100 a kowace mita, shi kuwa jak 'yan ƙalilan ne. Wato mai wayar mita 3 da mai wayar mita 10 ba jita ɗaya suke kaɗawa ba a kunnen mai sauraro, ko da a hannu ɗaya take. Doguwar takan dusashe amo. Makaɗin jita Jimi Hendrix da nannaɗaɗɗiyar waya ya yi yawancin wasanninsa, kuma irinta ta fi kowace shan kaifi, abin da ya zama wani ɓangare na amon da aka san shi da shi. Saurayin da ya kashe kuɗinsa a kan jak mai ƙyalli, alhali da wayar da aka yi wa ɗauri uku da salatif yake kiɗa, an cuce shi, kuma raina yana ɓaci da masu yi masa wannan tallar.

Zinariya kuwa ba ta fi jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba. Azurfa da jan ƙarfe duk sun fi ta. Amfaninta ɗaya ne, ba ta tsatsa. Shafe ne kuma siriri, sokawa da zarewa suna goge shi.

To ina sharaɗin? Duk abin da na faɗa a kan lafiyayyen jak ne, kuma a ƙasarmu jak ba ya daɗewa da lafiya. Masu wannan gardama a Amurka da Ingila a ɗakuna masu sanyi suke ajiye kayansu. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin ko cikin akwati. Sai bazara ta zo da zafin da ke sa gumin hannu ya gangara jikin ƙarfe, sannan damina ta kawo laima ta dama ƙurar da gishirin gumin. A ɗora kaya a bayan babur ko a-kori-kura zuwa biki a Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure, girgiza ta sassauta noti. Da zarar noti ya saki, jak yana juyawa duk lokacin da aka soka waya, har dalmar da ke riƙe da siraran wayoyin ciki ta tsage. Datti kuma ya yi wa ƙarfen rufi, turjiyar da ba ta kai om ɗaya ba ta haura dubbai, tana hawa tana sauka. A nan kam jak yana taɓa sauti, kuma mummunar taɓawa: ƙarƙara, ɗaukewa a tsakiyar waƙa, raguwar ƙarfi, da gurnanin nan mai kama da na tiransifoma, wanda ke fitowa daga wutar gida mai juyawa sau 50 a daƙiƙa.

Saboda haka wanda ya ce ya canza jak ya ji bambanci, ban ƙaryata shi ba. Ya cire marar lafiya ya sa mai lafiya, an yi masa sabuwar dalma, sau da yawa ma ya sa sababbin tsirkiyoyi a zama ɗaya. Muryar jitarsa ce ta dawo, ba wata sabuwa aka ƙara mata ba. Ga kuma halin zuciya: wanda ya biya kuɗi yana sauraro da tsammani. Duk mai shakka, ya sa makaɗi ya juya baya, a gwada masa lafiyayyu biyu ba tare da an gaya masa wanne ne wanne ba, a maimaita sau da yawa, a ga ko zai riƙa dacewa.

Ina goyon bayan sayen jak mai kyau, irin na Switchcraft, kamfanin da aka kafa a Chicago a 1946, amma don ƙarfensa yana da tauri, yana riƙe kan waya shekara da shekaru bai saki ba. Wannan dalilin ya isa. Wanda ba shi da hali, ya samu sifirit da auduga ya goge na jikin jitarsa, ya riƙe shi ta ciki kafin ya ɗaure noti don kada ya murɗe wayoyin, ya kuma riƙa ratsa wayarsa ta bayan maratayin jita domin in an taka ta kada jak ya sha fizgar. Kada a ɗiga masa baƙin mai. Ƙura yake tarawa.

Abin da ya fi damuna ba ma jita ba ce. Gurmi ne da kukuma da garaya. Wanda ya saurari tsofaffin kaset na Haruna Uji da gurminsa, ko Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam da kukumarsu, ya san akwai wani kauri a ƙarƙashin kiɗan, na ƙoƙo da fata, wanda ke zama a ƙirji. Yanzu ka je biki ka ji ɗan gurmi ta lasifika, sau da yawa sai ka ji wani siririn ƙara mai tsinin kunne, tsirkiya kawai ba jiki. Mutane sukan ce makaɗan yanzu ba su kai na da ba. A wani wurin haka ne, amma sau da yawa hannun yaron lafiya lau yake, a hanya aka zubar da muryar.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya san aikin. Waɗannan kayan ba su da tsirkiyar da maganaɗisu zai kama. Ta kukuma ma izgar doki ce. Don haka ɗan faifai ake liƙawa a jikin fata, mai mai da girgiza wuta. Irin wannan faifai yana bukatar mashiga mai turjiya babba, miliyan ɗaya ko fiye. Mikisar masu haya kuwa, ramin da aka fi soka shi yana da wajen 10,000 kacal. In an haɗa su kai tsaye, kaurin sauti ne yake tafiya, a bar ka da tsini. Jita ma in an soka ta kai tsaye a wannan ramin tana yin asara, sai dai ita kaifi take rasawa, ta koma dishi-dishi. Duka biyun jak ɗinsu ƙalau yake. Maganin ɗan akwati ne da ake sawa a tsakani, mai ƙaramin tiransista da batir mai bolt 9, wanda duk ƙwararren mai gyaran rediyo zai iya haɗawa in an nuna masa zanen sau ɗaya. In babu shi, a cire faifan a kusanto da makirfo bakin ƙoƙon, kamar yadda aka naɗi na da. Abin takaicin shi ne da wannan siririn amo ake ɗaukar bidiyon makaɗanmu a waya ana watsawa, kuma yaro mai tasowa zai ɗauka haka gurmi yake.

Akwai kuma batun rai. A jitar lantarki, tsirkiyoyi haɗe suke da zoben jak, zoben kuma haɗe yake da jikin amfilifaya. In amfilifaya ta samu matsala, ko an ja wuta daga janareta ba tare da wayar ƙasa ba, kamar yadda aka saba a filayen bikinmu, jikin makaɗin ne yake zama hanyar wuta da zarar leɓensa ya taɓa makirfo. Ɗan jan da mawaƙa suke ji a baki suna dariya gargaɗi ne. A 1972, a garin Swansea na Birtaniya, haka Leslie Harvey, makaɗin jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a gaban 'yan kallo. Mai haya da ya gutsure ƙafa ta uku ta fulogi don ta shiga soket, da ran mutane yake wasa, ko bai sani ba.

Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, muna da masu gyaran rediyo da waya da hannunsu ya faɗa da dalma, muna da masu hayar lasifika a kowace unguwa. Ina roƙon kwalejin ta tara su na 'yan kwanaki, ta kira masu gurmi da kukuma su zo da kayansu. A koya musu auna waya da mita, da kafa ƙarfen ƙasa kusa da janareta, da haɗa ɗan akwatin nan na batir. Sannan a sa ɗan gurmi ya kaɗa sau biyu, da akwatin da kuma babu shi, a gaban dattawan da suka ji Haruna Uji da kunnensu, su faɗi wanne ne gurmi.