Sallah a Gidan da 'Ya'ya Suka Watse

A ƙasar Hausa ba mu saba jin gida ya yi tsit ranar Sallah ba. A da gandu ke riƙe da iyali: ɗa ya yi aure a ja masa ɗaki a gidan ubansa, kafin auta ta tafi ɗakin miji jikoki sun cika tsakar gida. Yau kuwa a Yauri da sauran garuruwan ƙasar Kance akwai magidanta 'yan shekara 50 da matansu da ke yanka ragon layya su biyu rak. Ni da mai ɗakina muna cikinsu, haka ma da yawa daga abokan aikina malaman lakwal.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jama'a ta yi yawa, gonar gado ta tsuke, abin da aka noma ba ya kai gida wata damina. Samari sun bi hanyar Ɗan Barto da Kwangwalam zuwa Kano da Legas, wasu sun yi arewa ta Agadas zuwa Aljeriya da Libiya. Masu karatu suna Jami'ar André Salifou a Damagaram, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, tafiyar yini guda cur a mota. 'Yan mata kuma suna gidajen mazajensu.

Kewa gaskiya ce, ba na musun ta. Abin da nake ƙi shi ne yadda wasunmu ke mayar da ita bulala. Sallah na matsowa sai a fara kiran waya: "Idan ba ka zo ba, ban yafe ba." Yaron da ke tura baro a Legas ya ci bashin kuɗin mota da na ɗinkin 'yan gida, ya kwana uku ya koma, ya yi wata huɗu yana biya. Sallah bikin ɗaya rana ce, bashi kuwa yana daɗewa. Wani lokaci ma hanyar ba a hannunsa take ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Uba mai hankali zai yi magana da 'ya'yansa tun da wuri, a tsayar da Sallah ɗaya a shekara da kowa zai yi ƙoƙarin zuwa. Ɗayar kuma a yi barka da Sallah ta waya, a sa albarka ba tare da gori ba.

To me za mu yi da gidan da ya yi mana faɗi? Mu leƙa maƙwabta. Babu wanda ya manta Oktoba 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga cikinsu yara ne, akasarinsu 'yan wannan ƙasa tamu ta Kance. Wannan musiba ba ta tsayar da tafiyar ba. Har yau iyaye mata na tafiya Aljeriya neman abin sawa a baki, su bar yara hannun kaka da ƙyar take iya tashi. Mu malamai mun san waɗannan yaran da sunayensu. Mun san wanda ke komawa aji bayan Sallah da rigar da ya tafi hutu da ita, ya yi shiru idan 'yan uwansa na labarin nama.

Ga gida mai tukunya babu yara, ga yara babu mai ɗora musu tukunya. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma riƙo al'adarmu ce tun kaka da kakanni. Ba sai ka ɗauki yaro har abada ba. Ka je ka gaishe da kakarsa, ka nemi izini ya yi Sallah tare da ku. Uwargida ta yi wa yarinya kitso da lalle. Maigida ya riƙe hannun yaro zuwa Idi, ya zaunar da shi bakin wuta ana gashin rago, washegari ya ba shi ƙwarya ya kai wa kakarsa nata kason. Mushe ko madam da ke da lokaci a dogon hutun damina su tara uku ko huɗu a zaure a maimaita karatu kafin komawar Oktoba.

Akwai kuma haƙƙin juna. Shekaru kusan 30 hirar miji da mata ba ta wuce kuɗin makaranta, magani da hatsi. Yanzu Allah ya ba da sarari. Ku shimfiɗa tabarma ɗaya ku ci tuwon Sallah tare, ku tafi gaishe da 'yan uwa a Matamai tare, tunda zumunta a ƙafa take.

Mun yi renon 'ya'yanmu ne domin su tsaya da ƙafarsu, kuma sun tsaya. Allah ya tsare su inda suke, ya ba iyayen da ke hanya ikon dawowa ga nasu lafiya.