Filin Masu Mota: Mota Ta Ƙi Tashi, Fitila Ta Ƙi Mutuwa

A zamanin da Peugeot 504 ke mulkin hanyoyin ƙasar nan, watau bayan an fara harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna cikin 1975, direba ya san abin yi in gari ya waye da sanyin hunturu. Sai ya ja coke, ya taka totur sau biyu, ya murza mabuɗi. In ta ƙi, a kira yara su tura. Tsofaffin motocin da suka cika hanya yau kuwa, irin su Camry da Corolla da Accord waɗanda suka sha aiki a Amurka kafin su sauka Legas ko Kwatano, ba su da coke, ba su da kafireto. Ƙwaƙwalwa gare su, da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji a gaban direba.

Asalin aikin fitilar nan tsaron hayaƙi ne. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta kowace ƙaramar mota ta zo da kafa mai ido 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura a karanta lambar abin da ƙwaƙwalwa ta gani. To, amma kafin a kai ga na'ura, kunne ne ke fara aiki, domin ƙin tashi iri-iri ne.

In an murza mabuɗi aka ji ƙas-ƙas kawai, inji bai juya ba, ba ruwan hayaƙi a nan. A duba kan batir ko ya yi tsatsa, a auna shi. Lafiyayye yana ba da wajen bolt 12.6 in mota na kashe. Bayan haka sai a tuhumi kik. In kuwa inji na juyawa amma ya daɗe bai kama ba, sai a buɗe mabuɗi ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen tanki. Famfon mai zai yi gunji na kamar daƙiƙa biyu. Idan sai an buɗe an rufe sau uku sa'an nan take tashi da sauƙi, alama ce mai yana zurarewa baya in ta kwana. Motar da ke tashi lafiya da safe amma ta ƙi in ta ɗau zafi, sau da yawa ma'aunin juyawar inji ne ya gaji.

Wurin da ƙin tashi da fitila suka fi haɗuwa shi ne ma'aunin zafin ruwa. Shi ya gaji aikin coke. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa inji na da sanyi, a ƙara masa mai. In ya yi ƙarya, ko mai ya yi kaɗan da asuba, ko ya yi yawa har filogi su jiƙe. A nan ne wata al'ada ta garejinmu ke yin ɓarna, watau cire tamostat da hujjar cewa don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Ba haka ba ne. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma in aka hana shi kaiwa can da wuri, ƙwaƙwalwa sai ta yi ta zuba mai. Filogi su yi baƙi, kuɗin fetur ya ƙaru, ragowar ɗanyen man kuwa ya gangara cikin salansa.

Cikin salansar akwai tukunyar tace hayaƙi wadda kanikawa ke kira indomi. Ga ido kamar saƙar zuma take, an shafe ta da ƙarafa masu tsada irin su filatinom. Da wuya ta mutu don kanta. Ɗanyen fetur da baƙin mai ne ke kashe ta. Lamba P0420 ita ce ke cewa ta daina tacewa sosai, kuma da an ga lambar sai a ce wa mai mota a fasa a cire. Ya kamata ya tambayi inda abin da aka cire zai tafi, gama yana da kasuwa. Fitila ba za ta mutu don an cire ba, cutar da ta kashe tukunyar tana nan, kuma iskar guba marar wari wadda dā ake tacewa, masu talla a cunkoso ne za su shaƙe ta. Sai dai in ta toshe har mota ba ta iya ja, lalle a canza ta, bayan an gyara sanadin.

Lamba ma ba hukunci ba ce. P0171 cewa take yi iska ta rinjayi mai, alhali kuwa sau da yawa wani ɗan tiyo ne ya tsage, amma sai a sa mutum sayen sabon ma'auni. Cire kan batir don a kashe fitila share shaida ne kurum. In fitilar tana ƙyaftawa, inji na ɓarin wuta ne, tilas a sassauta a nemi wurin tsayawa.

Mai shirin sayen 'yar Kwatano kuwa, ya buɗe mabuɗi kafin a tayar. Dole fitilar ta kama, sa'an nan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, to, wani ya riga ya cire ƙwan.