Ku shiga gasa, amma ku shiga da labarin Arlit

Raina ya ɓaci a makon nan, kuma wannan karon ba a kan ramukan hanyar Tawa ko tsadar ruwa ba, waɗanda kuka gaji da ji daga bakina. A kan wani littafi ne da ko bugawa ba a yi ba. Ɗiyar wani tsohon abokina, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin ƙasa a Akokan har ranar da aka rufe ramin, ita ta kawo mini rubutunta in duba mata kafin ta tura wata gasar ƙagaggun labarai. Yarinyar na da hannu. Ta iya jan zance, ta iya haɗa kishiyoyi biyu faɗa a takarda har ka ji kamar a bayan katangarka ake yi. Sai dai labarin a Abuja ya faru, garin da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Jarumin ɗan minista ne da ya dawo daga Landan, jarumar kuma 'yar aiki ce a gidansu. Na ce mata, "Ɗiyata, ina Arlit a ciki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wa zai karanta labarin Arlit? Alƙalan can suke, irin nasu suke so." Ta ƙara da cewa sai da ta bi rubutun layi-layi ta goge duk abin da zai nuna daga Nijar take. Inda ta rubuta lakwal ta mayar makaranta, inda ta rubuta jika ta mayar naira.

Ban ga laifinta ba. Laifin namu ne manya, da muka bar yara suka tashi da tunanin cewa rayuwar gidansu ba ta isa a sa ta a littafi ba.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin gasa. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ma gasa ce ta haife shi. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarin da suka ƙaga da kansu, abin da da yawansu suke gani bai dace da mai ilimi ba. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin matashin malamin makaranta ne a Katsina, shekarunsa ba su wuce 22 ba. Aka sami Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku tsaya ku dubi abin da mutanen nan suka rubuta. Bature ne ya shirya gasar, Bature ne alƙali, amma Bello Kagara ya ɗauko zuwan Turawa da yaƙin Kwantagora ya ɗora jaruminsa a kai, yana sara yana kirari. Tafawa Ɓalewa ya ɗauko bauta, ya bi yaron da aka sace har ayari ya ƙetara da shi hamada, ya bi uwar da ta fita nemansa har ta faɗa hannun masu sayar da mutane. Mutumin Bauchi ke nan ya rubuta hamada, littafinsa ya rayu, har Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Mu kuma da ƙurar hamadar ke shiga mana cikin tuwo, mun koma rubuta falon gidan minista.

Gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wadda littattafanta suka fito a 1980, ita ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Hajiya Hafsat ba ta ɓoye Fulatancinta ba, rayuwar Fulani ta zuba a labarin, kuma yau duk mai maganar tarihin marubuta mata na Hausa da sunanta yake farawa. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayyar Najeriya ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982, littattafan da suka taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci da ta'asar zamaninsu ba tare da kara ba. Mai cewa ɗan Nijar ba ya cin gasar da ake yanke hukuncinta a ƙetaren iyaka kuwa, ya tuna cewa gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata, a 2022 'yar ƙasar nan ce, Amira Souley, ta zo ta ɗaya da labarinta Garar Biki. Gaskiya ne akwai alƙalin da kalmar Faransanci za ta sa shi tuntuɓe, amma gyaran wannan aikin marubuci ne, ya jera zancensa yadda ma'anar za ta fito da kanta.

To, me muke da shi a nan da ya isa littafi? Ku zo mu je Imuraren, kilomita wajen 80 kudu da Arlit. Tun 1966 aka gano yuraniyom a wurin. Aka jira sama da shekara 40. A watan Mayun 2009 aka yi gagarumin biki, Shugaba Tandja Mamadu da shugabar kamfanin Areva ta lokacin, Anne Lauvergeon, suka ƙaddamar da aiki, aka ce nan za ta zama ɗaya daga manyan mahaƙun duniya. Hatsarin Fukushima ya auku a Japan a 2011, farashi ya faɗi, zuwa 2014 aka jingine aikin. A watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin daga hannun Orano, sabon sunan Areva. Wannan shi ne abin da jarida ta rubuta, kuma iyakar abin da jarida za ta iya ke nan. Saurayin da ya baro Damagaram da takardar koyon tuƙin manyan motoci a aljihu, ya kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinya bisa albashin da bai fara karɓa ba, wa ya rubuta shi? Makiyayin Abzinawa da ya wayi gari ya ga an ja waya a kan hanyar raƙumansa, wa ya ji abin da ya ce wa matarsa a daren? Mai tuwo-tuwon da ta ci bashi ta kafa rumfa tana jiran ma'aikata, mai gidan da ya gina ɗakunan haya suka tsaya ba rufi, waɗannan duka mutanen littafi ne, suna nan suna yawo a kasuwar Arlit ba wanda ya tambaye su.

Ga Akokan. An fara fitar da yuraniyom daga ramin Cominak a 1978, aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila da ba a cika ƙirga su ba. An bar wa garin tulin sharar ma'adini da ake ƙiyasta ta kai tan miliyan 20. Yarinyar da ta kawo mini labarin ɗan minista a cikin wannan ta girma. Ta san bambancin gidajen manyan ma'aikata da na leburori da bukkokin bayan gari. Ta san yadda uwa ke kasa kunne idan lokacin fitowar masu aikin dare ya gota. Ta san tarin da ake ji daga ɗakin tsoho da asuba, da yadda ake rage murya idan an zo maganarsa. Ta ga mutanen da ake korowa daga Aljeriya ta Assamaka suna isowa ƙafa a fashe, ta ga samarin unguwarsu sun tafi haƙar zinariya wasu ba su dawo ba. Babu marubucin Kano ko Kaduna da zai iya rubuta shafi ɗaya na wannan kamar ita, kamar yadda ita ma ba za ta taɓa fin su sanin Abuja ba. Ta ajiye abin da ta fi kowa a kai, ta je yin takara a inda kowa ya fi ta.

Masu kyamara sun riga mu. Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya zo ya yi fim a kan garin da a da ake kira Paris ta biyu. Amina Weira, ɗiyar ma'aikacin mahaƙa, ta fitar da nata a 2016, ta sa mahaifinta da mutanen gari suka yi magana. Abdoulaye Mamani ya ɗauko Sarauniyar Lugu ya rubuta ta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya yi fim ɗinta a 1986, yau duniya ta san ta. Ina son in riƙe littafin Hausa mai kauri a hannuna wanda ɗan Arlit ya rubuta a kan Arlit, kafin tsofaffin da suka ga kafuwar garin a 1969 su ƙare.

Tun da na ce a shiga gasa, dole in faɗi wace iri, domin nan ma akwai abin da ke ƙona mini rai. Wasu mutane sun mayar da burin yaranmu abin kasuwa. Za ka ga sanarwa a Facebook ko WhatsApp, ba sunan alƙali ko ɗaya, ba adireshi, sai lambar da za a tura kuɗin rajista, jika biyu ko uku. Daga nan a ce wanda ya fi tara masu danna masa alamar so shi ya ci. Yarinya ta kwashe mako tana roƙon dangi da ƙawaye su zaɓe ta, tana ƙona kuɗin intanet, a garin da layin waya ke zuwa yana ɗaukewa. Wannan ba gasar rubutu ba ce, cin amanar yara ne, kuma masu yin sa su ji tsoron Allah. Mafi muni, wasu na karɓe labarin su sayar a waya ko su miƙa wa masu karanta littattafai a YouTube, mai shi bai ga ko dala ba. Duk gasar da ba ta bayyana alƙalanta ba, ba ta faɗi wanda zai mallaki labarin bayan an gama ba, ba ta iya nuna littafin waɗanda suka ci a bara ba, ku bar ta ko nawa ta ce za ta bayar.

Ta gaskiya kuwa tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce ke kayar da yawancin namu tun kafin alƙali ya karanta layin farko. In an ce kalma 1,500, kada ka kai 2,000 kana cewa labarin ne ya yi daɗi. In gajeren labari aka nema, kada ka yanko babi ɗaya daga dogon littafinka ka tura, ana ganewa. In kuwa cikakken littafi ne, irin wanda gasar Gusau Institute ta Kaduna ke karɓa, to ba a rubuta shi a mako biyun ƙarshe. A rubuta, a ajiye ya huce, a ba wanda ba ya jin kunyarka ya karanta, a sake rubutawa. Sai maganar da na sha yi a wannan fili har wasu na cewa na cika naci: ƙugiya. Wanda ya rubuta kasa alhali ƙasa yake nufi, ya rubuta bata a gurbin ɓata, ya nuna wa alƙali bai girmama harshen da yake neman kyauta da shi ba. Wayar da ke hannunka tana da waɗannan haruffa, ka nemo su. Ka kuma riƙe kwafin rubutunka a wuri biyu, da ranar da ka tura.

In an faɗi fa? An faɗi. Mutum uku ake kira kan dandamali, ɗaruruwa su koma gida, kuma cikin masu komawar akwai waɗanda suka fi. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa ba kambin gasa ne ya kai littattafansu kowane lungu har nan Agadas ba, masu karatu ne. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad ya fito a 1991, har yau ana nemansa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba ya kai ga an fassara shi zuwa Ingilishi a 2012. Amfanin gasa ga sabon marubuci shi ne ta sa masa rana ta tilasta shi kammalawa. Wanda ya rubuta labarin garinsu ya faɗi, yana da littafi a hannu da mutanensa za su saya. Wanda ya kwaikwayi na wasu ya faɗi, ba shi da komai.

Yanzu ga manyanmu. Tun watan Maris na 2025 kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Mun yi murna, amma doka ba ta rubuta littafi, mutane ke rubutawa, kuma sai sun ga inda za su kai. Dokar ma'adinai ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ke shigowa. Nawa ne zai ci a ware kyautar shekara-shekara ta ƙagaggen labari, da Hausa da Tamashek, a nemo alƙalai daga jami'o'inmu na Yamai da Damagaram da Agadas, a buga littafin da ya ci a Yamai, a raba shi makarantun jiha? Bai kai kuɗin bikin tarbar baƙo ɗaya ba. Attajiranmu masu motocin sufuri da 'yan kwangilar da suka yi arziki da wannan ƙasa, ɗayanku kaɗai ya isa ya ɗauki nauyin wannan har shekara goma.

Ina kira ga hukumomin garin Arlit da na jihar Agadas su sa wannan kyauta a kasafin baɗi. Ku kuma 'ya'yana masu rubutu a Arlit da Akokan da Cirozerin, kada ku jira su. Ku je wurin iyayenku da suka shiga rami, ku zauna ku tambaye su tun suna da rai, ku rubuta da Hausar da kuke magana da ita, sannan ku tura duk gasar gaskiya da kuka samu.