Kada Jami'ar Abuja Ta Bi Sawun Wuse

A ƙarshen watan Yuni na shekarar 2025 Ministan Birnin Tarayya, Mista Nyesom Wike, ya ba da sanarwa cewa hukumarsa ta karɓe hekta 7,000 daga cikin filin Jami'ar Abuja da ke Giri, ta bar wa jami'ar hekta 4,000. Ita dai jami'ar, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana ɗaukar filin nan da ya haura hekta 11,000 a kan nata ne. Ministan ya ce babu takardar da ta mallaka mata shi duka, tsofaffin ɗalibanta kuwa suka ce ƙwace aka yi mata. An yi ta cacar baki a jaridu da gidajen rediyo a kan wanda ke da gaskiya, amma hayaniyar ta danne tambayar da ta fi kowace nauyi, watau me za a yi da filin da ya saura, kuma wane ɓangare nasa za a hana kowa taɓawa.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da sauran garuruwan Kudu. Duk wanda ya taso daga Agege ko Idi-Araba zai tafi ganin gida ta hanyar Lakwaja, sai ya ratsa Gwagwalada ya wuce ta mararrabar Giri, kuma ya san irin zafin da ake yi a wannan kwari a watan Maris. Cikin matafiyan nan akwai masu 'ya'ya a jami'ar, suna aika kuɗin makaranta daga cinikin shanu da goro da canji. Ruwan da yaran za su sha, da inuwar da za su zauna su yi bitar karatu, da wutar da za su gani da dare, duk suna rataye ne a kan shawarar da za a yanke game da hektar nan 4,000.

Wanda ke son ya ga abin da kan faru idan aka yi sake da irin wannan shawara, ba sai ya yi nisa ba, ya shiga Wuse. Lokacin da gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu 1976, wurin ƙauyuka ne da gonaki da rafuka. An tashi mutanen tsohon garin Wuse aka kai su Sabon Wuse, a Jihar Neja, kan hanyar Kaduna, domin a gina birnin da aka ce zai zama abin koyi. Taswirar da wani kamfanin Amurka ya miƙa wa gwamnati a 1979 ta ware kusan sulusin ƙasar birnin domin lambuna da wuraren shan iska, kuma yawancinsu an bi bakin rafuka ne da kwaruruka, saboda ruwan damina ya sami hanyar wucewa, unguwanni kuma su sami iska. Takardar ba ta da laifi. Masu zanen sun san ƙasar tana samun ruwa mai ƙarfi daga Afrilu har zuwa Oktoba, sun bar masa hanyarsa.

To, da gwamnati ta ƙaura daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, sai fili ya yi tsada, kowane lungu ya zama kuɗi. Aka riƙa gutsurar lambunan nan kaɗan kaɗan. Yau a ba wani izinin kafa rumfar sayar da furanni, gobe rumfar ta zama gidan gasa kifi da mashaya, jibi a wayi gari an zuba kankare. Gidajen kwana na titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola suka rikiɗe suka zama shaguna da bankuna da otal, kowanne da janaretansa da rijiyar burtsatsensa. Daga 2003 zuwa 2007 Malam Nasiru El-Rufa'i, yana Minista, ya sa katafila ta rushe gine-gine masu yawa da aka yi a kan lambuna da hanyoyin ruwa, har da na manyan mutane, aka ceto wasu wuraren. Amma rusau magani ne mai ɗaci, asara ce ga mai gini da gwamnati baki ɗaya, kuma itacen da aka sare ba ya dawowa don an rushe bangon da aka yi a gurbinsa. Wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Wuse da azahar yana neman inuwa, shi ne zai ba da labari. Haka kuma ambaliyar da ta ci gidaje a Lugbe a watan Yuni 2023, a kan titin filin jirgin sama ɗin da jami'ar take, ta nuna cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

Babu ranar da wani ya zauna ya ce a kashe lambunan Wuse. Sa hannu ɗaya ɗaya ne ya cinye su, kowane da hujjarsa mai daɗin ji. Jami'a ma haka take lalacewa. Wani shugaba ya zo ya sami kuɗin gina babban ɗakin lacca, ɗan kwangila ya zaɓi wurin da ya fi masa sauƙin aiki, ya share komai fes kafin ya kafa harsashi. Wanda ya gaje shi ya ba 'yan kasuwa filin gina ɗakunan kwanan ɗalibai a bakin rafi. Shugaban jami'a shekara biyar yake yi ya tafi, ita kuwa kaɗanya takan kai shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, saboda haka mai sarewa ba shi ne zai zauna a rana ba.

Kada kuma a ce hekta 4,000 ta yi kaɗan. Murabba'in kilomita 40 ke nan, kusan eka 10,000. Jami'ar Badun, wadda ta girmi kowace jami'a a ƙasar nan tun da a 1948 aka kafa ta, da eka 2,550 ta fara, wadda sarakunan garin suka ba ta. A cikin wannan fili ta gina azuzuwa da gidajen malamai da masallaci da coci, ta kuma ajiye lambun itatuwa da gidan namun daji da madatsar ruwa ta Awba. Mazauna Sabo sun san titunanta masu inuwa. Wannan ya samu ne domin na farko sun shata wuraren da ba a ginawa, na baya kuma suka ji kunyar taɓa su. A Samaru kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da irin wannan arziki na itatuwa, amma madatsar Kubanni da take shayar da ita ta daɗe tana fama da yashi da laka, saboda noma da gine-gine sun matso har bakin rafin da ke cika ta. Mai tsara sabuwar jami'a ya kamata ya leƙa wuraren nan biyu kafin ya ja layi.

Akwai masu cewa daji a gefen makaranta maɓoyar ɓarayi ce, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. A farkon Nuwamba 2021 'yan bindiga sun shiga gidajen ma'aikatan jami'ar a Giri cikin dare suka tafi da mutum shida, ciki har da malamai da 'ya'yansu, sai bayan kwanaki aka kuɓutar da su. Uban da ke Mile 12 yana jin wannan labari ba zai damu da ɗorawa ko marke ba, ran ɗansa yake ji. Sai dai abin da ke kawo ɓarawo shi ne fili marar iyaka, marar mai gadi, wanda ba a san inda ya fara da inda ya ƙare ba. Kurmin da aka kewaye, aka fitar masa da hanyoyin sintiri, ɗaliban aikin gona da na kimiyyar tsirrai suna shiga suna fita kullum, ya fi fallasa mai mugun nufi a kan saurar da aka share aka bar wa ciyawa ta fi mutum tsawo a watan Satumba. Bugu da ƙari, filin da aka bari ba aiki shi ne hukuma takan ce ba a bukatarsa. Da a ce tun shekarun 1990 jami'ar ta shata wani yanki ta yi masa rajista a kan kurmin bincike, da duwatsun iyaka da ma'aikata da kasafin kuɗi, da bakinta ya fi ƙarfi a 2025.

Batun wuta shi ne inda aka ɗan taɓuka. A watan Satumba 2019 aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta sa Jami'ar Abuja a kashi na biyu na wannan shiri, da kuɗin Bankin Duniya. Da aka ƙara kuɗin wuta a Afrilu 2024, masu layin farko suka koma biyan Naira 225 kan kowane yunit, jami'o'i da dama suka shiga kuka, sai amfanin aikin ya fito fili. Amma batir yana da wa'adi, faifan sola kuma yana bukatar wanki bayan ƙurar hunturu. In ba a ware kuɗin gyara da na sauya batir tun yanzu ba, tashar za ta bi sahun famfunan da aka buɗe da kaɗe-kaɗe suka kafe bayan shekara biyu.

Wajibi ne Majalisar Gudanarwa ta jami'ar, wadda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a Disamba 2024 a sa mata sunan Janar Yakubu Gowon, ta tura safiyo ya auna abin da ke hannunta, a fitar da rafuka da kwaruruka da duwatsu da manyan itatuwa a taswira kafin a sake ba da kwangilar gini ko ɗaya. A rubuta faɗin da za a bari a kowane gefen rafi, da inda ruwan bayan gida na ɗakunan kwana zai bi, da inda za a tara shara da ledar ruwa maimakon ƙona su a bayan azuzuwa. A manna taswirar inda ɗalibi da ɗan jarida za su gani, domin lambunan Wuse a cikin fayil ɗin ofis aka sayar da su, inda ba mai gani. Kuma a sa doka cewa shugaban jami'a shi kaɗai ba zai iya canza ko taku ɗaya ba sai majalisa ta zauna.

Dokar da ta tilasta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi tana nan tun 1992. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana neman taswirar gini daga kowace jami'a, asusun TETFund kuma shi ke biyan kuɗin yawancin sababbin gine-gine. Ofisoshinsu duka biyu suna Maitama, maƙwabciyar Wuse, ma'aikatansu suna ratsa unguwar safe da yamma. In asusun ya ƙi sakin kuɗin ginin da aka ɗora a kan hanyar ruwa, ba shugaban jami'ar da zai sake kawo irinsa.

Saura mutanen ƙauyukan da ke zaune a ciki da gefen filin, yawancinsu Gwarawa, waɗanda kakanninsu ke noma wurin tun ba a san za a yi Abuja ba. Su suka san rafin da ba ya ƙafewa da rani da kwarin da ke cika a Agusta, matansu ne ke tsintar kaɗanya da kalwa, kuma in aka rufe musu ƙofa ba tare da wata madafa ba, su ne za su sare ƙirya su yi gawayi su kai bakin titi. Ya kamata a zauna da dagatansu tun ranar da safiyo zai fara awo, a ɗauki samarinsu aikin gadin kurmi da renon dashe, a bar wa mata izinin tsintar 'ya'yan itace a rubuce. Hekta 7,000 da aka karɓe kuwa Ministan ya ce za a raba ta ne don gine-gine, kuma ruwan da zai gangaro daga rufin kwanonta da kwaltarta ba zai tsaya a kan iyaka ba. Saboda haka dole jami'ar ta nemi a nuna mata taswirar magudanan ruwa na sabuwar unguwar Giri kafin a fara rabon fuloti.