Iskar guba: abin da ya faru a Jos da tambayar da ke gaban hukumomin Adar

Da asubahin Asabar 25 ga watan Yuli na shekarar 2015, wata tukunyar ƙarfe mai ɗauke da iskar kulor ta fashe a wurin tace ruwa na Lamingo, cikin birnin Jos na ƙasar Najeriya. Mutane takwas suka rasu, an kwantar da fiye da ɗari a asibiti. Mazauna unguwar suna cikin barci iskar ta tarad da su.

Kulor shi ne maganin da ake zubawa a ruwan famfo domin kashe ƙwayoyin cuta, kuma warinsa ne ake ji a ruwan jabel. Kaɗan daga cikinsa na kare gari guda daga kwalara. Amma in ya kuɓuce daga tukunyar da aka matse shi ciki, yakan zama hazo mai launin ɗorawa da kore, wanda ya fi iskar da ake shaƙa nauyi kamar sau biyu da rabi. Saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙin murhu. Bin ƙasa yake yi, yana gangarawa cikin ramu da kwari da ɗakuna. Da ya taɓa danshin ido ko maƙogwaro ko huhu sai ya ƙone su. Abin tsoron shi ne mutum na iya ganin ya warware, bayan awoyi kuma huhunsa ya tara ruwa, numfashi ya gagara. Ba shi da makari. Iskar numfashi ta asibiti da kulawar likita su ne taimako.

Mai karatu na Madawa ko Buza ko Keita zai ce wannan batun manyan birane ne. Lalle Adar ƙasar noma da kiwo ce. Sai dai babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni da Malbaza da Galmi, ta cikin Madawa take ratsawa zuwa Maraɗi, manyan motoci kuwa ba sa sanar da ƙauyuka abin da suka ɗauko. A tashar jiragen ruwa ta Aƙaba, ƙasar Jodan, wajen lodi ne tankin kulor ya faɗo a watan Yuni na 2022, mutum 13 suka mutu. Haɗarin yana tafiya da kayan duk inda aka kai su. Ga kuma yanayin ƙasar: garuruwa da garake da yawa suna cikin kwarin Tarka da na Magiya da na Keita, wato daidai inda iska mai nauyi ke kwantawa.

Abin da ke ceton rai ba ya bukatar kuɗi. A dubi inda iska ke kaɗawa, a kauce ta gefe, a hau tudu, kada a ɓuya cikin rami ko kwazazzabo. A rufe hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a goya yara, don su ne suka fi kusa da ƙasa. Wanda iskar ta taɓa ya tuɓe tufafinsa, a wanke masa ido da jiki da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti ko da ya ce ya samu sauƙi. Madara da mai da aka saba ɗura wa wanda ya sha guba ba sa kaiwa huhu, ɓata lokaci ne kawai. Kada kuma a watsa wa tukunya mai yoyo ruwa, domin ruwan yana ƙara cin ƙarfen.

Saura aikin hukuma. A Bofal ta Indiya, daren 2 ga Disamba 1984, iskar wata masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide ta kashe dubban mutane, ba a taɓa koya wa makwabtanta abin da za su yi ba, likitoci kuma ba su san gubar da suke fama da ita ba. Ya kamata shugabannin gundumomin nan uku su san inda ake ajiye irin waɗannan kaya a ƙasarsu, jandarmomi su iya karanta alamar haɗari da ke jikin tanki, asibitocin gunduma su tanadi iskar numfashi, gidajen rediyon karkara kuma su maimaita bayanin nan da Hausa da Tamashek da Fulatanci.