Wat Dubu A Jikin Kwali, Batir Ya Mutu A Bakin Titi

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo cikin 'yan uwanmu ɗalibai da ke karatu a Indiya, musamman a Bangalo da Pune da Haidarabad. Da zarar mutum ya sami Pulsar ko Activa ta hannu, kafin ya sayi hular kwano ta kirki, kafin ma ya duba birki, sai ka ji yana cigiyar inda ake ɗaura lasifika. Ni ban ce jin waƙa a kan babur laifi ne ba. Abin da nake faɗa da shi shi ne yadda muke sayen kayan nan ido rufe, mu da aka turo mu karatun injiniya da kimiyya, mai shago ya nuna mana lamba a jikin kwali mu miƙa masa kuɗin da iyaye suka sha wahala kafin su aiko.

Bari mu fara da babbar ƙaryar. Za ka ga ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba an rubuta masa “1000W PMPO”. Wai shin babu wanda ya tuna darasin sakandare ne? Wat shi ne bolt sau amfiya. Wutar babur bolt 12 ce. Kafin na'ura ta fitar da wat 1000 sai ta ja fiye da amfiya 80. Batirin irin waɗannan ƙananan babura kuwa tsakanin 3Ah ne da 9Ah. In batirinka 5Ah ne, wannan jan zai shanye shi cikin ƙasa da minti huɗu, in ma wayoyin ba su narke kafin nan ba. To ina wat dubun ya fito? Daga bakin mai talla. PMPO ba shi da wani ma'auni da aka amince da shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da ake iya dogara da ita ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar take iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta ƙone ba. In ba a rubuta RMS ba, juya amfilifayar ka dubi fis ɗinta. Fis mai amfiya 10, a wutar da ba ta wuce bolt 14 lokacin da inji ke aiki, iyakarsa wat 140 ne ke shiga. Abin da zai fita bai kai haka ba. Fis ba ya yi wa kowa talla.

Na biyu, babur ba mota ba ne. Hotunan da muke gani a intanet na Harley-Davidson da Honda Gold Wing da lasifikoki suna ta rugugi, waɗannan babura ne da aka ƙera da babban janareto, da gilashin tare iska, da gurbin lasifika tun daga masana'anta. Injin Gold Wing ya haura cc 1800. Pulsar ɗinka cc 150 ce, kamfanin da ya yi ta, Bajaj, shi ne dai mai Boxer ɗin da ta cika titunan garuruwanmu, kuma koyil ɗinta an auna shi ne don fitila da ham da cajin batir, sai ɗan abin da ya rage. Duk abin da ka ɗora a kai daga wannan ɗan ragowar zai ci. In ya fi ƙarfinta, batir ne zai biya, a cunkoson Bangalo kuwa, inda inji ke tafiya a hankali ba ya caji sosai, nan da nan za ka koma buga kik. Shi ya sa in har sai an sa amfilifaya, a nemi nau'in da ake kira Class D, wadda ke mayar da kusan kashi 80 zuwa 90 na wutar da ta ja zuwa aiki, maimakon Class AB da ke ɓarnatar da kusan rabi a zafi. A sa fis kusa da batir, a kuma haɗa ta yadda za ta mutu in an kashe makulli. Wanda ya haɗa kai tsaye ya manta da ita a kunne, da safe zai gane kurensa.

Akwai masu cewa to ai sai a ƙara ƙarfi don a ji sosai. Nan ma lissafi bai goyi bayansu ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat sau goma. Lasifikar da aka rubuta wa 91dB za ta yi ƙarar da mai 88dB za ta yi da rabin wutar. Wannan lambar ya kamata mu riƙa tambaya, tare da om ɗinta: kada ka ɗaura lasifika mai om 2 a amfilifayar da aka yi don om 4. Sannan a ƙasar da damina ke sauka kamar da bakin ƙwarya daga Yuni zuwa Satumba, lasifikar mota mai fatar takarda ba za ta ga ƙarshen zangon karatu ba. A nemi wadda aka yi don jirgin ruwa ko mai alamar IP65. Batun bes kuwa a haƙura, fili ne, iska za ta kwashe.

Amma ko an sayi na ƙwarai, akwai abin da ya fi batir tsada. A gudun kilomita 100 a awa, ƙarar iska kaɗai a kunnen mahayi tana kaiwa wajen desibel 95 ko fiye. Ma'aunin masana lafiyar ma'aikata a Amurka ya ce desibel 85 awa takwas ne iyaka, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya zama minti 15. Kafin waƙa ta rinjayi iska sai ta fi ta ƙara. Jijiyoyin ji da suka mutu ba sa dawowa, kuma mai son zama likita da abin sauraron ƙirji zai ci abinci.

Sai masu cewa kuɗina ne, babur ɗina ne. Haba ɗan uwa! Kunnen maƙwabcinka fa? Dokar hayaniya ta Indiya ta shekarar 2000 ta ƙayyade desibel 55 da rana, 45 da dare a unguwannin zama, dare kuwa daga ƙarfe 10 ne zuwa 6 na safe. Dukkanmu mun san wahalar da baƙar fata ke sha kafin a ba shi hayar ɗaki a nan. Kai ka shigo layi ƙarfe ɗaya na dare da kiɗa, gobe mai gida ba sunanka zai riƙe ba, cewa zai yi 'yan Afirka ne, sai ɗalibin da zai zo baɗi a rufe masa ƙofa. Wanda waƙa kawai yake so, akwai ƙananan lasifikokin da ake liƙawa cikin hular kwano, batirinsu daban, ba su taɓa wutar babur, ba kuma wanda zai ji sai shi. Sai dai ba za a waiwayo a kalle shi a bakin ƙofar makaranta ba, kuma ina zargin abin da ake biya wa kuɗin ke nan tun farko.