Kyan Ɗan Maciji: Ƙorafi Kan Cinikin Kare Mai Ruwan Gwal

Hausawa na cewa idon da ya ga hayaƙi shi ke ɗebo wuta. Hayaƙin da muka hango ya taso ne daga Amurka da Ingila, amma da yake duk abin da aka yi yayinsa a can ba ya daɗewa bai sauka a Legas da Ibadan ba, ya zama wajibi mu yi magana tun kafin wutar ta kama gefen rigarmu. Maganarmu a kan wani ɗan ƙaramin kare ce, mai nannaɗaɗɗen gashi ruwan gwal, wanda Turawa ke kira Cockapoo, mu kuwa bari mu kira shi kokafu domin sauƙin faɗa. Tun daga farko muna so mai karatu ya fahimci cewa ba mu da wata ƙullalliya da karen, domin bai roƙi kowa ya haife shi ba. Rigimarmu da mutanen da suka mai da rai tamkar atamfa ce, a zaɓe shi don launi, a saya don yayi, ranar da yayin ya wuce kuma a nemi inda za a yar.

Shi dai kokafu barbarar yanyawa ne tsakanin jinsi biyu. Akwai koka, karen da mafarautan Ingila ke korar tsuntsaye da shi daga cikin ƙungurmin ciyawa, akwai kuma fudul, wanda asalinsa karen Jamus ne mai faɗawa ruwa ya ɗauko agwagwar da aka harba. An fara sanin wannan haɗi a Amurka tun wajejen shekarun 1950 zuwa 1960, kuma har yau manyan ƙungiyoyin rajistar jinsin karnuka na Amurka da Ingila ba su amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba. Ma'anar wannan ita ce babu wani tsayayyen ma'auni da aka ɗaure masu kiwonsa da shi. Duk wanda ya mallaki karya da kare da ɗan keji a bayan gida, ya zama mai sana'a, sai ya ɗauki hoton ɗan kwikwiyo a kan farin bargo ya liƙa a intanet, masu saye kuwa su yi ta rububi.

Dillalan wannan kasuwa suna da alkawura biyu da suke farautar iyaye da su. Na farko, wai karen ba ya zubar da gashi, saboda haka ba ya tayar wa yara atishawa ko asma. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da ke tayar da wannan lalura yana cikin miyau da ɓarɓashin fatar kare, kuma babu karen da ba shi da miyau da fata. A shekarar 2011 masu bincike na asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka suka auna ƙurar gidajen masu karnuka, ba su sami wani bambancin a zo a gani ba tsakanin gidajen da ke da irin karnukan da ake yi wa wannan kirari da gidajen da ke da sauran karnuka. Bayan haka, ɗan da aka haifa daga jinsi biyu yana iya ɗauko uwa, yana iya ɗauko uba, kuma ko a ciki ɗaya sai ka ga wannan ya fito da gashin fudul, wancan da na koka.

Alkawari na biyu shi ne wai gaurayen jini ya fi lafiya da ƙwari. A shekarar 2024 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta fitar da sakamakon bincike a kan karnuka fiye da 9,000, inda ta gwada kokafu da wasu haɗe-haɗe biyu irinsa da jinsunan iyayensu a kan cututtuka 57. A kusan kashi 87 cikin ɗari na gwaje-gwajen ba a ga bambanci ba. Hasali ma ciwon kunne ya fi yawa a wurin 'ya'yan haɗin bisa ga fudul. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya dubi halittar karen, kunnuwa ne dogaye a rufe, cike da gashi, iska ba ta shiga. Haka nan akwai wata cutar ido ta gado mai kai wa ga makanta wadda koka da fudul duk suna ɗauke da ita, don haka in ba a gwada iyayen ba kafin barbara, haɗin ba ya kare ɗan daga komai.

Sai batun launi, wanda shi ne tsokar da ake sa wa a bakin ƙugiya. Mai saye ya ga ɗan kwikwiyo jawur kamar zuma, ya ce shi dai wannan yake so, bai tambayi halin uwar ba, bai tambayi inda aka haife shi ba. Masu kiwon fudul sun daɗe da sanin cewa jan gashi da ruwan gwal sukan kwaɗe yayin da kare ke girma, har ya koma fari-fari kamar tsohon ƙyalle. Wanda ya biya kuɗi don launi, ke nan ya sayi abin da ba lallai ya tabbata ba. Launi kuma ba shaidar kyan hali ba ne. A shekarar 1996 masana biyu, Podberscek da Serpell, suka tattara bayanan masu karnukan koka na Ingila, suka gano cewa masu launi ɗaya tal, musamman ja da ruwan gwal, sun fi masu rodi-rodi saurin faɗa. Ba mu ce kowane kokafu mai ruwan gwal mugu ne ba. Abin da muke cewa shi ne uban da zai shigo da dabba cikin 'ya'yansa, ya kamata ya fara tambayar hali kafin ya dubi fata.

Wanda ke shakkar inda wannan hanya ke kai wa, ya dubi labarin Wally Conron na ƙasar Ostireliya. A shekarar 1989 ya haɗa fudul da wani jinsi mai suna labrado domin samar wa wata makauniya a Hawaii karen ja-gora wanda ba zai dami mijinta mai lalurar atishawa ba. Cikin 'yan kwikwiyo uku da aka haifa, ɗaya ne kawai ya dace da bukatar. Da ya ga mutane suna ƙyamar ruwa-biyu, sai ya ƙirƙira musu suna mai daɗin ji, nan take kasuwa ta buɗe. Bayan shekara talatin, a 2019, dattijon ya fito fili ya bayyana nadamarsa, yana kukan yadda 'yan neman kuɗi suka cika duniya da karnuka marasa lafiya. Ihu bayan hari.

Abin da ya faru a Ingila lokacin annobar korona ya isa ishara. Da aka kulle mutane a gida a 2020, kaɗaici ya sa kowa neman abokin zama, farashin ɗan kwikwiyo ya ninka har ya doshi fam 1,900 a matsakaici, kokafu kuwa yana sahun gaba cikin waɗanda aka fi nema. Inda kuɗi ya yi yawa haka, azzalumai ba sa nisa. Akwai gonakin da ake tsare karya a keji, ta haihu, a ƙwace 'ya'yan, a sake yi mata barbara, har ƙarfinta ya ƙare. Irin wannan ta'asa ce ta sa aka kafa dokar da ake kira Dokar Lucy, wadda ta fara aiki a Ingila ranar 6 ga Afrilu 2020, ta hana dillalai sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba. An sa mata sunan wata karya ce da aka ceto daga irin wannan gona a yankin Wales a 2013. Satar karnuka ma ta dami jama'a har majalisar Birtaniya ta yi mata doka ta musamman a 2024.

Wani zai ce, to mene ne naku a ciki? Kuɗin mutum ne, gidansa ne, kuma karen yana ɗebe wa tsofaffi kewa, yana wasa da yara. Mun yarda kokafu kan yi wayo da son mutane, kuma akwai iyalan da suka riƙe shi da amana. Sai dai kuɗi yana sayen tabarma a shimfiɗa a manta da ita, rai kuwa ba a manta shi. Wannan kare yakan rayu shekara 12 zuwa 15. Jinin mafarauta biyu ne a jikinsa, yana bukatar zagaye da guje-guje kullum, in aka kulle shi a ɗaki shi kaɗai tun safe har dare sai ya dinga haushi da yage kujeru, sannan a ce kare ya lalace, an bar jaki ana dukan taiki. Gashin nan da aka saye shi dominsa, in ba a taje shi a kai a kai ba, a kuma kai shi aski duk bayan mako shida zuwa takwas, sai ya cukurkuɗe ya dunƙule a jikin fata, ya zame masa azaba.

A nan ne maganar ta zo gida. Duk mai bin titunan Legas ya saba ganin masu talla ɗauke da 'yan kwikwiyo a cikin cunkoson motoci, ana ciniki ta taga kamar na burodi. Ba wanda ya san uwarsu, ba takardar allura. Kare mai gashi kamar bargo, wanda kakanninsa suka saba da sanyin Turai, ga shi cikin zafi da gumin kudu, ga kaska, ga ƙarancin wutar da za ta juya fanka. Mu kuwa babbar matsalarmu da kare ta wuce ta ado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare yana kashe mutane kimanin 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma allurar rigakafi ga karnuka ce maganin abin. Kakanninmu mafarauta da makiyaya sun ajiye kare, amma sun san dalilin ajiye shi, sun zaɓe shi don ƙafa da hanci da biyayya, ba su taɓa tambayar ko launinsa ya dace da labulen falo ba.

Saboda haka kiranmu ga ɗalibai da malamai, musamman waɗanda gobe za su zama masu gida da albashi, shi ne kada kwaikwayo ya ja su. Wanda ba shi da lokaci da hali, ya haƙura, babu abin kunya a cikin rashin kare. Wanda kuma ya ga lallai sai ya ajiye, to ya je ya ga uwar da idonsa, ya nemi shaidar likitan dabbobi, ya yi allura a kan kari, ya kuma lissafa shekara goma sha biyar na ciyarwa da jinya kafin ya zaro ko sisi daga aljihu. Kowane ɗan kwikwiyo da aka saya a gefen titi don kyan gashinsa, kuɗin nan ne zai sa a sake kulle uwarsa a keji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.